Salatif Mai Tsaka

Har yau, in na gama aiki da salatif, sai na lanƙwasa bakinsa kafin in ajiye. Masu ganina suna cewa tsari ne da ni. Ba ni da wani tsari. Hannuna ne kawai ya saba tun zamanmu a Guangzhou ta ƙasar China ni da Baba, inda aikina na farko kullum da safe shi ne in bi duk salatif ɗin da ke ofis, in nemo bakinsa da farce, in naɗe shi ya yi ɗan kunne, don in Baba ya ɗauka yatsansa ya faɗa a kai ba sai ya duba ba. Domin ba ya gani. Wato yana gani kaɗan, da ido ɗaya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Kuma a iya sanina, duk duniya daga ni sai shi muka san haka.

Dalilin tafiyata ke nan. A Kano an gaya wa dangi zan je in riƙa yi masa girki da tafinta, tunda na gama sakandare ina da ɗan Turanci, ƙannena maza kuma duk suna firamare. Ni ma haka na ɗauka har muka sauka daga jirgi. Sai da na ga ya miƙa fasfo a gefen da babu kowa, ma'aikacin yana ta ɗaya gefen yana kallonsa, sannan na gane.

Na ce, "Baba, ga shi nan ta dama."

Ya ce, "Na gan shi, Uwata. Gajiya ce."

Uwata yake ce min, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Sana'ar Baba saye wa mutane kaya. Ɗan kasuwa yana zaune a Kwari ko Sabon Gari zai aiko ya ce yana son yadi kaza, takalmi kaza, Baba ya shiga kasuwa ya zaɓo, a ɗaure, a tura. Da a Bangkok yake yi. Da kasuwar can ta rikice wajen ƙarshen shekarun casa'in, sai ya bi sahun 'yan tsirarun da suka fara komawa China. A irin wannan sana'a idonka ake haya. Ranar da aka ji a Kwari cewa Alhaji ba ya bambance shuɗi da baƙi, ranar ya tashi daga aiki. Don haka muka ƙirƙiro dabara. In mun shiga shago sai in ɗaga yadi in ce da ƙarfi, "Baba, wannan jan bai yi duhu da yawa ba?" Shi kuma ya murza yadin a yatsa ya ce, "Abin da zan faɗa ke nan." Na tsani wannan wasan tun ranar farko. Ni ba na iya zagaye-zagaye. Amma na yi.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a ginin Tianxiu, a unguwar Xiaobei, mun raba shi da wani Alhaji mutumin Damagaram mai sayen kayan lantarki. Lokacin baƙaƙe ba su da yawa a garin. In na fita cefane tsofaffi har tsayawa suke su kalle ni, wata ta taɓa goga yatsa a hannuna ta duba ko zai yi baƙi. Amma a benenmu Hausa ake yi, kuma abin da kunnenka zai ji daga safe zuwa magariba shi ne ƙarar salatif. Ƙiii, ƙiii, daga kowane ɗaki. Kwalin da zai je Afirka ba a barin masa ko tafin hannu a buɗe. Sai an naɗe shi ciki da bai har ya riƙa ƙyalli kamar an shafa masa mai, saboda ruwa, saboda jifa, saboda masu dogon hannu a hanya.

Baba da Alhajin Damagaram ba sa wuni ba su tsokani juna ba, irin wasan Kanawa da Damagarawa.

Alhajin Damagaram zai ce, "Kai bawana, miƙo min sikoc ɗin nan."

"Sunansa salatif. Ku da Faransa ta lalata wa baki."

"Ku da Ingila ta gyara, me kuka tsinana? Ɗiyata, ba ni, kar ki biye wa tsohon nan."

Mai tura mana kaya wani matashi ne ɗan zangon Kumasi, dogo, kullum da biro a bayan kunne. Shi ya taɓa raba musu gardamar. Ya ce daga salatif har sikoc babu sunan abin na gaskiya, duk sunayen da kamfanonin Turawa suka laƙa wa kayansu ne, mutane suka riƙe har suka manta suna ne. Ya ce ya ji a Amurka aka fara yin sa, aka yi sa'a lokacin talauci ne, kowa yana neman abin da zai liƙe abin da ya yage maimakon ya sayi sabo.

Da bai faɗa ba. Wallahi da bai faɗa ba.

Baba ya ɗauki maganar nan ya kai ta gida, ya ci tuwo da ita, ya kwana da ita. Ya ba ni labarin yadda suna yara da ƙaro ake liƙi, ko a dama koko mai kauri. Ya ce ranar da ya fara ganin salatif a kantin Turawa a Kano, wani akawu ne ya liƙe takardar kuɗi da ta rabe biyu, ya ɗaga ta sama, rubutun yana nan ana karantawa ta cikinsa. Ya ce ya ɗauka tsafi ne. Sannan ya ce, "Uwata, ke kin san a kasuwarmu ba a karanta suna. Hoto ake kira. A ce ba ni mai zakara, ba ni mai giwa. Shekara nawa ina ɗaure kayan wasu da tambarin wasu? Ina so kafin in mutu in ji yaro ya shiga shago ya ce a ba shi mai kada."

Kada yake so, saboda in ya kama ba ya saki. Za a buga shi a zoben kwalin da ke cikin salatif ɗin, a kuma buga a ledar da aka naɗe shi.

Na ce, "Baba, ido fa?"

Domin a lokacin na riga na ja shi asibitin ido, da faɗa da kuka. Likitar wata mace ce siririya mai gilashi, Turancinta bai fi nawa ba, amma mun fahimci juna. Ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi, babu dawowa. Na dama da sauransa, amma maganin ɗigawa jinkiri kawai yake kawowa, aikin tiyata ake buƙata, kuma da wuri. Ta ce aikin ba zai dawo da abin da ya tafi ba, zai tsare abin da ya rage ne. Har da zane ta yi min a takarda: da'ira babba, ƙarama a ciki, wata ƙarama a cikin wannan, sannan ɗigo.

Na fassara masa kalma bayan kalma. Ya ce, "To, madalla. Bari salatif ya fito."

Haka ya riƙa ce min. Bari a ga samfur. Bari a daidaita kaurin. Bari damshin nan ya wuce. Akwai wani lokaci a garin da bango yake zufa, kwali ya yi laushi, salatif mara kyau ya riƙa ɗagowa da kansa. Baba ya ce wannan ne lokacin gwaji. Ya tara samfur kala-kala daga masana'antu, yana ja yana saurare. Da kunne yake gane mai kyau. Ya ce mai kyau kukansa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, mara kyau kuwa sai ya riƙa tari. Zai liƙa a bayan hannunsa ya fizge. Zai sa a baki ya datse da haƙori ya ji ko yana yagewa a tsaye. Gaskiya ya san abin. Wannan ne ma yake ƙara ba ni haushi, ya san komai ban da abin da ya kamata ya sani.

A gidan da muke haya akwai tsaka da yawa, irin fararen nan da kana ganin hanjinsu. Ran nan na ga wata a saman murhu, na cire silifas na maka mata. Tsohuwar mai gidan tana tsaye a ƙofa ta zo duba famfo. Sai ta fasa ihu kamar jikanta na kashe. Ta yi ta nuna min da hannu cewa sauro take ci, alheri take kawo wa gida. Na ce mata da Hausa, "Iya, a garinmu in wannan ta faɗa miya, da tukunyar ake zubarwa." Ba ta ji ba, ni ma ban ji nata ba. Ta tafi tana girgiza kai. Na ba Baba labari ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kowa da abin da yake ƙyama."

Da ƙyar na sa ya amince da ranar komawa asibiti don a sa ranar aikin. Tsarin wurin shi ne sai ka je da sassafe ka bi layi ka karɓi lamba. Muka yi da shi ni zan riga shi, ɗan Kumasi kuma zai sa shi a tasi ya kawo shi bakin ƙofa, a kan cewa ciwon kai za a duba. Na je, na bi layi, na sha turereniya, na samu lamba. Na tsaya a bakin ƙofa ina duba kowace tasi. Aka kira lambarmu. Na roƙi ma'aikaciyar ta ɗan jira, ta ce min "meyo", wato babu. Kalmar da na fi ji a ƙasar ke nan. Na ci gaba da tsayuwa har masu shara suka fara wanke baranda.

Da na koma ofis na tarar da shi yana shan shayi, fuskarsa kamar ranar Sallah.

"Uwata, an gama! Lawban ya aiko da safe ya ce in zo in ga tambari. Na gani, na sa hannu. Gobe injin zai fara."

Lawban shi ne mai masana'antar, can bayan filin jirgin Baiyun. Haka ake kiran duk mai gida a can.

Na ce, "Ka gani?"

Ya ce, "Na gani mana."

Alhajin Damagaram yana zaune, don haka na haɗiye sauran. A gida kuwa ban haɗiye ba. Na ce masa na wuni a tsaye kamar marar gata. Na ce masa da salatif da ido wanne ake saye a kasuwa? Na faɗi maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uba. Da na gama ya ce, "Zuba min ruwan alwala."

Ranar da kwalayen farko suka iso ofis, Baba ya sa babbar riga. Ɗan Kumasi ya farke kwali ɗaya ya miƙo min guda. Na juya shi na kalli zoben.

Tsaka ce. Ba wai ta yi kama ba. Tsaka ce sak, koriya, ta baje 'yan yatsunta masu kan dunƙule, ta lanƙwasa wutsiya, har da murmushi. Ga ta a zobe, ga ta a leda, ga ta babba a jikin kwali.

Na ce, "Baba, wannan tsaka ce."

Baba ya karɓa, ya kai shi kusa da fuska, ya juya kai gefe yadda yake yi in yana neman kafar da yake gani ta ciki.

Ya ce, "Kada ne. Ɗan kada."

"Baba, wallahi tsaka ce."

"Na ce miki na gani da idona kafin in sa hannu."

Na ja ɗan Kumasi waje na tsare shi a jikin lif. Na ce ya gaya min abin da ya faru. Ya ce Lawban bai ɓoye komai ba. Ya bayyana musu cewa wani kamfanin riguna ya riga ya kama hoton kada a matsayin tambarinsa, za a iya samun rigima, don haka mai zanensu ya yi wani abin da ya fi dacewa, mai manne wa gilashi ba ya faɗowa, kuma a wurinsu abin sa'a ne. Ya ce shi ya fassara wa Baba, "Sun ce sun ɗan canza zanen, ga shi ka duba." Baba ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, ya ce madalla.

Na ce, "Kai ba ka da ido? Ba ka ga mene ne ba?"

Ya ce, "Hajiya ƙarama, na gani. Amma Alhaji ya duba ya ce madalla. Ni wane ne da zan koya masa kasuwar Kano?"

Da muka koma ciki, Alhajin Damagaram ya matsa kusa da Baba yana magana ƙasa-ƙasa, ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Alhaji, ka ce bayan ka sa hannu suka sauya. A sake bugawa. Ni zan raka ka, zan tsaya maka shaida."

Baba ya ce, "In yi wa bawan Allah ƙarya? Abin da ya nuna min shi ya buga."

"To ka ce ka sake tunani."

"Ban sake ba. Kayan nan za su tafi yadda suke."

Ya ƙi yi wa Lawban ƙarya, ya kuma ƙi faɗin gaskiyar kansa. Tsakanin biyun babu abin da ya rage sai kwantena. Aka loda, ta tafi.

Jirgin ruwa ba ya sauri. Duk tsawon lokacin nan ina bin Baba da maganar asibiti, yana ce min in an yi aikin sai an naɗe masa fuska ya kwanta, kowa a bene zai sani, kafin mako labari ya kai Kwari. Bari kaya su isa tukuna. In mai kada ya karɓu, ba ya buƙatar zaɓar wa kowa yadi, sai ya kwanta a yanka shi yadda ake so. Har lokacin mai kada yake cewa.

Ni kuma ina kallon da'irar nan tana ƙanƙancewa. Ya fara karo da kujerar da kullum take wuri ɗaya. Ya zuba shayi a gefen kofi. A masallaci, in ji ɗan Kumasi, sai ya riƙa lalubar takalmi da ƙafa. A titi ya daina tafiya a gabana, ya koma riƙe bakin mayafina kamar yana gyara min. Na ce zan buga wa Baffa waya, ƙanensa da ke kula da shagonmu a Kano, in gaya masa komai. Baba ya juyo inda yake jin muryata ya ce, "In kin faɗa, ban yafe ba." Bai taɓa ce min haka ba, ko ina ƙarama. Ban buga wayar ba. Na ci gaba da ɗiga masa magani, na ci gaba da yi wa salatif kunne.

Wayar ta zo da hantsi. Waya ɗaya ce a ofis, ta tebur, kuma Baffa irin mutanen nan ne da suke ganin tunda China da nisa sai an ɗaga murya. Duk ɗakin muna jin sa.

"Yaya! Kaya sun iso, amma akwai magana!"

"Ina jin ka."

"Yaya, da me ake yanka salatif?"

Kafin Baba ya buɗe baki, Baffa ya amsa da kansa.

"Da haƙori, Yaya! Duk mai shago da haƙori yake datsewa! Wa zai kai tsaka bakinsa? Masu ƙulla gyaɗa da alewa sun ce ko kyauta ba sa so. Wani ya saya bai duba ba, matarsa ta jefo shi waje ta wanke hannu. Na ce musu a kwali kawai take, ba a jikin salatif ɗin ba, suka ce ai tare suka kwana. Yanzu layinmu in mutum zai yi kwatance sai ya ce shagon mai tsaka!"

To ga shi. Abin da Baba ya roƙa ya samu. An kira kayansa da hotonsa, tun kafin a sayar da kwali ɗaya.

Baffa ya ci gaba, "Ni abin da ya ɗaure min kai, kai da ko zare ɗaya ya karkace a yadi sai ka gano. Wai ba ka gani ba ne?"

Na kalli hannun Baba a kan wayar. Can Baffa ya fara "Halo? Halo?"

Baba ya ce, "Ban gani ba."

"Na'am?"

"Na ce ban gani ba. Ba na gani, ƙanena. Na daɗe ba na gani."

Ya lalubi mazaunin wayar bai samu ba, na karɓa na ajiye. Ina jiran in ga mamaki a fuskar Alhajin Damagaram. Babu. Ya sunkuyar da kai yana murza carbi.

Ya ce, "Alhaji, mun sani."

Baba ya ce, "Kun san me?"

"Tun zuwan ɗiyar nan muka sani. Wa yake yi wa kowane sikoc kunne in ba don makaho ba? Duk benen nan an sani. Mun ga ba ka so a faɗa, muka yi maka kara."

Kara. Ni ina fassara ƙarya a shaguna, ina tsayuwa a bakin asibiti, ina haɗiye magana, ashe duk bene ana yi mana kara. Na ce, "Alhaji, da kuka yi masa karar, idon nasa kuka ajiye masa a ina?" Baba ya ce in rufe bakina. Alhajin ya ce a bar ni, gaskiya na faɗa. Ban ji daɗin gaskiyar ba ko kaɗan.

Can Baba ya ce, "Uwata, gobe mu je wurin likitar nan."

Wannan karon tare muka bi layin, yana riƙe da kafaɗata a gaban kowa. Likitar ta gane mu. Ta duba katin, ta duba ranar zuwanmu na baya, ta kalle ni ta saman gilashinta. Ta sa haɓarsa a kan na'ura ta daɗe tana leƙawa. Ta kunna 'yar fitila ta kai dama, ta kai hagu. Ta ɗaga yatsu a gaban fuskarsa ta ce in tambaye shi nawa ne.

Baba ya ce, "Ce mata ta ɗaga tukuna."

Ta kashe fitilar ta sa a aljihu. Ta yi wata doguwar magana da yarensu, ba da mu take ba, da kanta take. Sannan ta jawo takarda ta yi ɗigo ɗaya, ta soke shi da biro. Ta ce abin da ya rage bai wuce ya san rana ta fito ko ta faɗi ba. Ta ce za ta ba da maganin da zai hana ciwo. Na tambaye ta da mun zo waccan ranar fa? Ta kalle ni, ta ci gaba da rubutu.

Baba ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce an makara."

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya ce in yi mata godiya. Na ce mata "sheshe". Kalmar ta fito min kamar tsakuwa.

Ba mu daɗe ba muka tattara. Alhajin Damagaram ya karɓi rabin ofishinmu. Ranar tafiya ya rungume Baba ya ce, "Bawana, wa zan zaga yanzu?" Baba ya ce, "Ka nemi wani Bakanon, ba ma ƙarewa." Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ɗan Kumasi ya ɗauko mana jakunkuna har Baiyun, bai yarda ya haɗa ido da ni ba.

A bakin wurin awon kaya zip ɗin babbar jakarmu ya fashe. Kwali ɗaya na salatif ɗin ya rage a ofis, na zubo wasu a jakar hannu, ban ma san dalili ba. Na ciro ɗaya zan naɗe jakar, Baba ya ji ƙarar ledar ya miƙo hannu.

"Kawo."

Na yage ledar, na yi masa kunne, na ba shi. Ya juya shi a hannu, yatsansa ya faɗa kan kunnen da na yi masa. Ya tsuguna da babbar rigarsa a tsakiyar mutane, ya lalubi jakar, ya ja. Ƙiii. Kuka ɗaya, ba tari, tun daga farko har inda hannunsa ya tsaya. Ya zagaya jakar, ya sake zagayawa, tsaf, ba kwari ba tudu. Ya kai baki ya datse da haƙori.

Ya ce, "Kin ji kukansa? Wallahi salatif ne mai kyau."

Na ce, "Mai kyau ne, Baba."

Ba lallashi ba ne. Ban taɓa riƙe wanda ya kai shi ba, kafin nan ko bayan nan. Yana nan jibge a sito a Kano, ƙannena suna ɗiba suna liƙe littattafan makaranta bayan sun kankare zoben da reza. Masu aiko wa Baba saƙon kaya sun zo gaisuwa, sun yi addu'a, sun koma wurin wasu. Shi kuma yana zaune a zaure, in rana ta faɗo ta ƙofa ya juya fuska wajenta.

Amma a can filin jirgin, kafin ya miƙe, sai da ya sa babban yatsa cikin zoben yana shafawa, kamar zane abu ne da ake ji a fata.

Ya ce, "Uwata, tsakani da Allah, zanen ya fita kuwa?"

Na ce, "Ya fita, Baba. Har 'yan yatsunta ana ƙirgawa."

Ya gyaɗa kai. Ya lanƙwasa bakin salatif ɗin da kansa, ya miƙa min ta gefen da ba na tsaye.